Farfesa Reginald Golledge da Ilimin Sanin Hanya: Kira ga Sassan Labarin Ƙasa na Jami'o'inmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in gabatar wa masu karatu tarihin aikin wani shehin malami wanda sunansa bai cika zagawa a ƙasarmu ba, har a tsakanin waɗanda suka karanci fannin da ya ƙarar da rayuwarsa a kai. Sunansa Reginald Golledge, farfesan ilimin labarin ƙasa, haifaffen Ostareliya wanda ya yi mafi yawan aikinsa a Amurka. Ya rasa ganinsa yana tsakiyar ƙarfinsa, bai ko kai shekara 50 ba, sa'an nan ya ci gaba da koyarwa da bincike har tsawon shekara 25 bayan haka. Abin da ya sa na ga ya dace a yi maganarsa a jaridar Hausa shi ne tambayar da ya rayu yana bin diddiginta, wato yaya mutum yake sanin inda yake, yaya yake gane hanyar inda za shi, kuma me ke faruwa a ƙwaƙwalwarsa tun daga ranar da ya sauka a baƙon gari har ranar da zai iya yi wa wani kwatance a cikinsa. Na koyar da labarin ƙasa a makarantun sakandare har na yi ritaya, kuma ina da yaƙinin cewa wannan tambaya ita ce ƙofar shiga fannin, amma mun toshe ta, mun bar yara da haddar sunayen koguna da duwatsu, mun kuma bar makafinmu suna fama da titunan da aka gina ba tare da an tambaye su komai ba.

An haifi Golledge ranar 6 ga Disamba, 1937, a Dungog, wani ƙaramin gari a jihar New South Wales. Ya yi digirinsa na farko da na biyu a Jami'ar New England da ke garin Armidale a can Ostareliya, ya koyar a Jami'ar Canterbury ta ƙasar Niyu Zilan, sa'an nan ya tsallaka Amurka, inda ya kammala digiri na uku a Jami'ar Ayowa a 1966. Ya taɓa koyarwa a Kanada na ɗan gajeren lokaci kafin ya zauna a Jami'ar Jihar Ohayo har zuwa 1977, shekarar da ya koma Jami'ar Kalifoniya reshen Santa Babara, kuma a nan ya yi aiki har rasuwarsa ranar 29 ga Mayu, 2009.

A zamanin da ya shiga fannin, lissafi ne ya mamaye ko'ina. Masana suna ƙoƙarin mayar da labarin ƙasa kimiyya mai dokoki tabbatattu, suna dogara da ra'ayoyi irin na Bajamushen nan Walter Christaller, wanda a 1933 ya yi bayanin yadda garuruwa da kasuwanni ke jeruwa a doron ƙasa bisa zaton cewa kowane mai saye zai nufi kasuwar da ta fi kusa da shi. Golledge da abokan aikinsa biyu, Gerard Rushton da William Clark, suka duba inda iyalan manoman jihar Ayowa ke zuwa sayayya a zahiri, sai suka tarar da yawa daga cikinsu suna wuce garin da ke kusa su tafi wani mai nisa. Manomin da ke tsallake kasuwar ƙauyensu ya kai hatsinsa Dawanau ba zai ji wannan a matsayin sabon labari ba, amma a wancan lokaci ya girgiza wani ginshiƙi da aka daɗe ana jingina da shi. Darasin da Golledge ya ɗauka shi ne cewa taswirar da ke rataye a bango ba ta isa ta bayyana zirga-zirgar mutane ba, domin mutum yana aiki ne da garin da ya sani, wanda sau da yawa ya sha bamban da garin da ma'aikatan safiyo suka auna. A 1969 shi da Kevin Cox suka tattara maƙalun wani taro suka wallafa, kuma ana ƙidaya wannan kundi cikin tubalan farko na reshen da ke nazarin halayyar mutum dangane da wuri.

Tunanin cewa akwai taswira a cikin kai ba shi ne ya fara kawo shi ba. Masanin halayyar ɗan'adam Edward Tolman ya yi maganarsa a 1948 bayan gwaje-gwajen da ya yi da ɓeraye, shi kuma Kevin Lynch, masanin tsara birane, ya sa mazauna Boston da Jersey City da Los Angeles sun zana masa garuruwansu da ka, ya wallafa sakamakon a 1960. Abin da Golledge ya ƙara shi ne awo. A birnin Kolombos, inda Jami'ar Jihar Ohayo take, ya tara mutane, akwai sababbin zuwa akwai waɗanda suka daɗe a garin, ya ba su sunayen gomman sanannun wurare yana haɗa su biyu-biyu, yana neman kowa ya ƙiyasta nisan da ke tsakanin wannan da wancan. Bai dogara da zane ba, saboda mutum na iya sanin gari ciki da bai amma hannunsa ya gaza zanawa, sai a ɗauki rashin iya zane a matsayin rashin sani. Daga waɗannan amsoshi, da taimakon kwamfuta da wata dabarar lissafi da aka aro daga masana halayya, ya fitar da taswirar zuci ta kowane mutum, ya ɗora ta a kan taswirar garin ta ainihi domin a ga inda suka dace da inda suka saɓa.

Abin da ya fito ya cancanci a tsaya a kansa. Taswirar zuci ba ta zuwa daidai da ta takarda, amma karkacewarta ba ta kara-zube ba ce, tana da tsari. Tana nan kamar fatar da majemi ya shimfiɗa ya kafe da turaku: kusa da turke ta zauna daram, nesa da shi kuwa ta miƙe a wani gefe ta tattare a wani. Turakun mutum su ne wuraren da ƙafarsa ta fi takawa, wato gidansa da wurin aikinsa da inda yake sayayya, sauran wurare kuma a jikin waɗannan yake rataye su. Idan mutum ya kafa wani turke ba daidai ba a cikin kansa, to duk wuraren da ya rataya a jikinsa za su gusa tare, su karkata gefe guda. Baƙo yakan fara da turaku kaɗan da hanyoyin da suka haɗa su, da sannu unguwanni su tsiro a kewayensu, har gari ya cika. Wannan ra'ayi na turaku shi ne aka fi sanin Golledge da shi a tsakanin masana, kuma a 1987 shi da Helen Couclelis da Nathan Gale da Waldo Tobler suka sake jarraba shi suka faɗaɗa bayaninsa.

Ya Edita, duk wanda ya taɓa neman gida a cikin birnin Kano ko Zariya ko Katsina ya san ba da lamba ake samunsa ba. Za a ce maka ka shiga ta ƙofa kaza, ka miƙe har masallacin Juma'a, ka yi gabas, idan ka wuce injin niƙa ka tambayi gidan liman. Takardar cinikin gona a ƙauye takan ce daga gabas ta yi iyaka da gonar wane, daga yamma da burtali, daga kudu da rafi, daga arewa da hanyar mota, kuma alƙali yana karɓar wannan kwatance ya yanke hukunci a kansa. Yaron da ke fuskantar alƙibla sau biyar a rana yakan san gabas tun kafin ya san baƙaƙe. Har ma akan ci gaba da kwatance da alamar da ta daɗe da gushewa, a ce tsohuwar tasha ko bakin kuka, alhali an tashi tashar an sare kukar tun kafin a haifi mai yin kwatancen. Wannan duk ilimi ne mai tsari, irin wanda Golledge ya shafe shekaru yana neman hanyar aunawa, ga shi kuwa zube a bakin kowa a garuruwanmu. A cikin kundayen kammala digiri da suka ratsa hannuna, na tsofaffin ɗalibaina da na 'ya'yan abokai, batun zubar da shara da zaizayar ƙasa da ƙarancin ruwan famfo ne ke ta maimaituwa, kuma batutuwa ne masu muhimmanci, amma ina ganin akwai fili babba da aka bari babu mai nomansa.

Bayan ya koma Santa Babara, inda ya shugabanci sashen labarin ƙasa a farkon shekarun 1980, ya juya ga yadda yara ke koyon hanya. Shi da abokan bincikensa suka riƙa bin yara a unguwar da ba su sani ba suna lura da abin da suke riƙewa, suka ga cewa mafi yawan abin da yaro ke ajiyewa a kansa yana taruwa ne a mararraba, wato inda dole ya yanke shawarar yin dama ko hagu, doguwar miƙaƙƙiyar hanya kuwa ba ta barin abu mai yawa a zuciyarsa. A wani gwajin da aka wallafa a 1990, an raba yara gida biyu, wasu suka taka hanyar da ƙafarsu, wasu kuma aka nuna musu ita a bidiyo. Wajen gane hotunan wuraren da ke kan hanyar ba a ga wani babban bambanci ba, amma da aka ce kowa ya bi hanyar da kansa, waɗanda suka taka ta sun fi. Ina son malamai 'yan'uwana su riƙe wannan, domin zan dawo kansa.

A 1984 wata cuta da ta kama jijiyar gani ta raba shi da idanunsa. Ga mai aikin da taswira ce jarinsa, wannan jarrabawa ce da za ta iya kawo ƙarshen komai, kuma a lokacin babu irin na'urorin da ke karanta wa mutum rubutu cikin sauƙi kamar yadda ake da su a wayoyin hannu yau. Abin da ya faru shi ne wasu malamai biyu na sashen nazarin halayyar ɗan'adam a jami'ar, Jack Loomis da Roberta Klatzky, suka haɗa kai da shi a kan binciken yadda mutum ke tafiya ba tare da gani ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma haɗin gwiwar nan tasu ta ɗore fiye da shekara 20. Jami'ar ba ta sallame shi ba, ba ta kuma ajiye shi a wani ofis ana biyansa albashin tausayi ba. Ya ci gaba da shiga aji, da duba ɗaliban digiri na uku, da neman kuɗin bincike, da halartar taruka a ƙasashe daban-daban. Tun kafin makantarsa ma ya taɓa yin bincike a kan yadda masu raunin fahimta ke gane gari, saboda haka damuwa da waɗanda gari ke yi wa wuya ba larurarsa ce ta haifar masa da ita ba, ta dai ƙara mata kaifi.

Ɗaya daga cikin gwaje-gwajensu, wanda aka wallafa a 1993, ya taɓa wani tsohon zato kai tsaye. An daɗe ana ɗauka cewa wanda aka haifa makaho ba zai iya gina taswirar zuci kamar mai gani ba. Sai suka kawo rukuni uku: waɗanda aka haifa da makanta, waɗanda suka makance daga baya, da masu gani da aka ɗaure wa ido. Akan ja mutum a miƙe na wasu taku, a juya shi, a sake jan sa na wasu taku, sa'an nan a sake shi a ce ya koma inda aka faro kai tsaye, wato ya rufe gefe na uku na alwatikar da kansa. Kowa ya yi kuskure, amma rukunan uku ba su yi wa juna wata tazara mai yawa ba. Daga baya, tare da Dan Jacobson da Rob Kitchin da Mark Blades, an gwada makafi da masu raunin gani a kan sababbin hanyoyi a titunan birnin Belfast na Ayalan ta Arewa da na Santa Babara, aka ga suna iya riƙe hanya cikin 'yan zagaye kaɗan, musamman idan an sa su suna nuna inda wurare suke da hannu, ko suna faɗin hanyar da baki, ko suna gina siffarta da ƙananan abubuwa a kan faifai. Ma'anar wannan ita ce abin da ke tsare makaho a gida sau da yawa ƙarancin bayani ne da haɗarin hanya, ƙwaƙwalwarsa kuwa tana iya aikin.

A kan wannan fahimta suka gina na'urar da ta sa sunansu ya fita wajen jami'a. Loomis ne ya kawo shawarar a 1985, cewa a yi amfani da taurarin ɗan'adam na GPS wajen yi wa makaho jagora, a lokacin da tsarin bai ma kammala ba. A 1993 suka nuna samfurin farko a harabar jami'ar, Golledge da kansa ne ke goye da shi: jaka mai nauyi a baya ɗauke da kwamfuta da na'urar karɓar saƙon taurari, kamfas da ke gane inda mutum ya fuskanta, da abin sauraro a kunnuwa. A cikin kwamfutar akwai taswirar harabar, gini da gini, hanya da hanya. Hikimar da ta fi burge ni ita ce yadda suka sarrafa sauti, ta yadda idan ɗakin karatu yana hagunka, za ka ji muryar da ke kiran sunansa tana fitowa daga hagu, tana ƙara ƙarfi yayin da kake matsowa, sai ka bi muryar kawai. Na'urar ba ta ganin rami ko dutse, saboda haka ba ta maye gurbin sanda ba, aikinta shi ne gaya wa mutum inda yake da abin da ke kewaye da shi. Shi da ɗalibinsa James Marston sun kuma gwada alamomi masu magana a wata babbar tashar jirgin ƙasa a San Faransisko, inda makaho ke riƙe da ƙaramar na'ura da ke karɓar saƙo daga ƙofa ko wurin sayen tikiti ta faɗa masa sunan wurin. Manhajojin jagora da makafi ke amfani da su a wayoyi yau suna tafiya ne a kan turbar da irin wannan aiki ya share.

Ba kowa ne ya yarda da shi ba, kuma adalci ne in faɗi haka. A 1993 ya wallafa maƙala yana kiran masana labarin ƙasa su mai da hankali ga masu buƙata ta musamman, sai a 1996 wasu masana biyu, Brendan Gleeson da Rob Imrie, suka soke shi a mujallar da ta buga ta. Hujjarsu ita ce ya ɗauki naƙasa a matsayin matsalar jikin mutum da za a magance da na'ura, alhali babbar matsalar tana wajen al'ummar da ke gina gari don masu lafiya kaɗai, tana kuma hana sauran aiki da ilimi. Golledge ya mayar da martani, yana kare amfanin binciken da ke sauƙaƙa wa mutum fita daga gida yau, ba sai an jira al'umma ta gyaru ba. Ni a ganina, idan aka kawo wannan muhawara garuruwanmu, masu sukar suna da gaskiya mai nauyi, domin babu na'urar da za ta tsallakar da mutum buɗaɗɗiyar kwata, ko ta kawar da kayan tireda da baburan da suka cinye gefen titi, ga kuma lunguna da yawa na tsofaffin biranenmu da ba su da ko suna a taswirar waya. Amma hanyar Golledge ce ke ba da hujjar da za a riƙe a je gaban hukuma da ita, domin ita ce ke auna a wace mararraba mutane ke ɓacewa, a wane taku suke faɗawa rami, da wace alama suke dogara.

Akwai wani dattijo makaho a unguwarmu da ya shekara da shekaru yana zuwa masallaci shi kaɗai da sandarsa. Na taɓa roƙonsa ya bayyana mini yadda yake yi, ya ce: "Malam, ai hanya magana take yi." Daga ƙofar gida ƙasa tana ɗan gangarawa, idan gangaren ya ƙare ya san ya iso bakin lungu. Yana bin katanga a damarsa yana jin amon sandarsa na dawowa daga jikinta, inda amon ya yanke iska ta bugi kuncinsa, nan ne katangar ta ƙare, sai ya yi kwana. Da asuba ƙanshin man mai ƙosai ne ke gaya masa ya kusa kwalbati, da dare kuwa, da yake mai ƙosai ta tashi, ƙarar janaretan mai shago yake bi. Ya san murfin kwalbatin na biyu yana motsi, don haka yakan taka na farko ya tsallake zuwa na uku. Da aka zo aikin magudanar ruwa aka haƙe gefen hanyar aka bar shi a buɗe wata da watanni, duk wannan taswira da ya gina a tsawon shekaru ta rushe a yini guda, dole jikansa ya zama ɗan jagora, yaron da ya kamata a ce yana aji. Da mai aikin ya aza katako biyu a inda dattijon ke tsallakawa, da an tsare mutuncin tsoho da karatun yaro, amma babu wanda ya koya masa cewa akwai masu bin hanyar da kunne da tafin ƙafa.

Irin wannan dattijo ba kaɗan ba ne. Binciken ƙasa a kan makanta da aka gudanar a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato mutum fiye da miliyan 1, kuma abin ya fi tsanani a arewa, inda shiyyar arewa maso gabas ta kai kashi 6.1. Yanar ido ce kan gaba wajen jawo makantar, sai hawan jinin ido. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga, ta kuma tanadi aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati dominsu. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Mai karatu ya duba sakatariya ko asibiti ko tashar motar da ta fi kusa da shi ya yi wa kansa hukunci. Ko a inda aka yi ƙoƙari, abin da aka fi yi shi ne gangaren keken guragu, wanda yake da amfani ƙwarai, amma bukatar makaho daban ce: gefen hanya da sanda za ta iya bi ba yankewa, murfi a kan kwata, alamar da ake taɓawa ko ake ji, da kuma barin abubuwa a inda aka san su.

Akwai kuma ɓangaren da ya shafi malamai su kansu. Na san wani abokin aiki, gwani wajen koyar da karanta taswira, wanda hawan jinin ido ya cinye ganinsa sannu a hankali. Makarantar da yake aiki ta cire shi daga jadawalin darasi, aka ba shi kujera a ɗakin malamai yana zaune daga safe har tashi, har ya gaji ya ajiye aikin. Ilimin da ke kansa bai ragu da ƙwayar zarra ba, abin da ya rasa shi ne wanda zai karanta masa takardun ɗalibai da wanda zai yi masa zane a allo, kuma ko ɗan hidimar ƙasa guda ya isa ya yi wannan. Duk lokacin da na tuna cewa Golledge ya rubuta ko ya shirya littattafai fiye da goma a rayuwarsa, ciki har da babban littafin da shi da Robert Stimson suka fitar a 1997 yana makaho, ya kuma zama shugaban ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Amurka daga 1999 zuwa 2000, sai zuciyata ta koma kan wannan abokin nawa da ɗaliban da aka hana su amfana da shi.

A shekarunsa na ƙarshe Golledge ya koma kan makarantu. Yana cikin kwamitin masana da ya fitar da rahoto a Amurka a 2006 a kan koyar da tunanin wuri, kuma shi da ɗalibansa Meredith Marsh da Sarah Battersby sun jera ma'anonin fannin daga masu sauƙi zuwa masu wuya, suna farawa da mene ne abu, ina yake, yaya girmansa, yaushe yake wurin, kafin a hau zuwa nisa da shiyya, sa'an nan a kai ga ma'aunin taswira da sauran masu zurfi. Sun nuna cewa ɗalibi na iya danna kwamfuta ta fitar masa da kyakkyawar taswira ba tare da ya fahimci abin da ya yi ba, idan an tsallake matakan ƙasa. A wurinmu labarin ƙasa darasin zaɓi ne a babbar sakandare, kuma sashen da ɗalibai suka fi tsoro a jarrabawar WAEC shi ne karanta taswira. Dalilin a fili yake: ana zana wa yaro layukan tudu da kwari a allo alhali ba a taɓa fita da shi ya hau tudun da ke bayan makaranta ya dubi yadda ruwa ke gangarowa ba. Gwajin yaran nan da suka taka hanya da waɗanda suka kalle ta a bidiyo ya isa hujja. Malamin da zai fara zangon farko da sa kowane ɗalibi ya zana hanyarsa daga gida zuwa makaranta, sa'an nan a fita da igiyar awo da kamfas a gwada zanen da ƙasa, zai ga cewa ma'aunin taswira da shiyya sun zauna a kan yara ba tare da bulala ba, kuma wannan ba ya bukatar kasafin kuɗi.

Jami'o'inmu ba baƙi ba ne ga binciken da ke farawa daga abin da talaka ya sani. Marigayi Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962 zuwa 1979 sa'an nan a Jami'ar Bayero har 1986, ya yi suna a duniya ne saboda ya zauna da manoman kewayen Kano da na ƙauyen Dagaceri ya koyi yadda suke jure fari. Marigayi Akin Mabogunje na Jami'ar Ibadan, ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar masana labarin ƙasa ta duniya, da nazarin biranen Nijeriya ya kafa sunansa. Saboda haka abin da nake roƙon shugabannin sassan labarin ƙasa da na tsara birane a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos, har da Yamai da Damagaram, bai fi ƙarfinsu ba. Su ware wasu daga cikin ɗaliban shekarar ƙarshe su yi kundinsu a kan sanin hanya, su haɗa su da malaman sashen ilimin masu buƙata ta musamman da na nazarin halayya kamar yadda aka yi a Santa Babara. Ɗalibi ya je ya gai da Sarkin Makafi ya nemi izini, ya zaɓi hanya guda, misali daga unguwa zuwa asibiti ko zuwa tashar mota, ya bi ta tare da masu bin ta da sanda, ya rubuta kowace alama da suke dogara da ita da kowane wuri da ke tsorata su, a biya su ladan lokacinsu kamar yadda ake biyan kowane masani, a kuma sa makarantu irin ta Gindiri da ta Tudun Maliki cikin aikin tun daga farko. Idan an kammala, kada kundin ya tsaya a kan kanta yana shan ƙura; a kai kwafinsa ga hukumar tsara birni da ma'aikatar ayyuka ta jiha, tare da jerin kwatocin da ke bukatar murfi da mararrabun da ke bukatar alama, kowanne da sunan unguwarsa.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka, amin.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin labarin ƙasa,
Zariya.